Ruwan zafi a ƙauyukan Damagaram: rana ta fara aikin, murhu ya ƙarasa

Wanda ya san Damagaram a watan Afrilu ko Mayu kaɗai, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 har ƙasa ba ta takuwa da tsakar rana, zai yi mamakin jin cewa ɗumama ruwa yana cikin manyan wahalhalun gidajen karkara. Amma daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta sauko daga arewa, ruwan da ya kwana a randa yakan yi sanyin da tsoho ba zai iya alwalar asuba da shi ba, balle a wanke jariri ko marar lafiya. Ban da haka akwai buƙatar da ba ta bin lokacin shekara, wato wankan jego, kuma a ganina duk mai son rage itacen da ake ƙonawa saboda ruwan zafi a ƙasar nan ta Nijar, daga nan ya kamata ya fara lissafinsa.

A al'adarmu mace idan ta haihu tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, a babbar tukunya ko rabin tono, da ganyen dogon yaro ko na tsamiya. Tun ciki yana wata bakwai ko takwas maigida ke fara tara itace, domin abin kunya ne a ce haihuwa ta zo ba a tanadi na wanka ba. Mun saba ganin wannan tulin itace a bayan ɗaki har ba ma tambayar yawansa, alhali lissafin ba shi da wuya. Kilo 1 na busasshen itace yana ɗauke da zafin da ya kai kimanin kilowat 4 na awa guda, amma murhun duwatsu uku ba ya isar wa tukunya fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, sauran iska ce ke kwashewa. A ƙaddara mai jego tana tafasa lita 40 a kowane wanka, daga sanyin digiri 20 zuwa tafasa: hakan yana cin kusan kilo 15 na itace a yini, wato fiye da rabin tan kafin a yi arba'in, a haihuwa ɗaya kawai.

Wannan itace daga gonaki yake fitowa. Jihohin Damagaram da Maraɗi sun yi suna a duniya saboda sassaben zamani, inda manoma tun daga shekarun 1980 suka daina tumɓuke ƴan tsiron itatuwa, suka riƙa renon gawo da kalgo da sabara a cikin hatsi, har aka ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa kusan miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magarya ya ga gawo jere a gonaki ya san wannan aiki na gaske ne, kuma ina jin zafin ganin ana sassare abin da aka yi shekara 30 ana reno don a ɗumama ruwan da rana za ta iya ɗumamawa kyauta. Inda itace ya yi wuya, kamar wajen Tanut, mata kan koma ga karan hatsi da busasshen kashin shanu, abin da ya kamata ya zama abincin dabbobi da takin gona. Sannan ga hayaƙi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan miliyan 3 a duniya a kowace shekara, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu ne suka fi shaƙarsa.

Idan aka ce a sauya, hankalin mutane yakan fara tafiya ga lantarki. A yawancin ƙauyukanmu babu layin wuta, kuma ƙaramin panno na hasken rana da batirin da ake kunna fitila da cajin waya da su ba za su ɗauki ƙarfen dafa ruwa ba, domin wannan ƙarfe yana jan wat 1,000 ko fiye, kuma cikin ɗan lokaci zai kashe batirin da aka sha wahala aka saya. Akwai ma wata asara tun daga tushe: panno yana mayar da kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai na hasken rana zuwa lantarki, alhali baƙin faranti mai bututun ruwa yana kama kusan rabin zafin da ya sauka a kansa kai tsaye. Gas kuwa ya fi itace tsabta nesa ba kusa ba, kuma tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut, ya yawaita a cikin gari. Sai dai matar da ke ƙauyen da ke nesa da titi ba za ta ƙarar da tukunyar gas mai kilo 6 a kan ruwan wanka ba, tana sane da cewa sai ranar kasuwa za a samu wanda zai kai ta a cika.

Abin da ya rage, kuma shi ne mafi yawa a hannunmu, rana ce. A ƙasar Nijar kowace murabba'in mita tana samun zafin da ya kai kimanin kilowat 6 na awa guda a yini, don haka faranti mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 yana iya ɗaga ruwa lita 60 daga digiri 20 zuwa kusan 60. Wannan sani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da aka haifa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun daga 1969, kuma a ƙarƙashinsa an ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana a cikin Nijar. Fiye da shekara 50 ke nan, amma amfanin wannan aiki ya tsaya a manyan gidaje da ma'aikatun birni, bai kai ga matar da ke hura wuta da asuba a ƙauye ba.

Yadda na'urar ke aiki ba ya buƙatar inji ko waya. Ruwa idan ya yi zafi nauyinsa yana raguwa sai ya hau sama, mai sanyi kuma ya sauko ƙasa, saboda haka idan aka ɗora tanki sama da farantin aka haɗa su da tiyo biyu, ruwan zai yi ta zagayawa da kansa muddin rana tana haskawa. Akwai na kanti masu dogayen bututun gilashi, suna da kyau ƙwarai, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin manoma. Wanda ya fi burge ni shi ne wanda na gani a gidan wata gwaggota a wani ƙauye kusa da Mirriya, wanda ɗanta ya haɗa tare da wani mai walda. Ƙaramin tono ne aka shafe da baƙin fenti, aka kwantar da shi cikin akwatin katako, aka cusa ƙaiƙayi da tsumma tsakanin bango biyu na akwatin, aka rufe samansa da gilashin tsohuwar taga, aka sa famfo a gindinsa. Da la'asar na tara hannuna a bakin famfon, sai da na janye da sauri. Na ce mata, "Gwaggo, da asuba fa, yaya kike samunsa?" Ta nuna mini wani murfi mai kauri da aka ɗinka da buhu aka cika da auduga, ta ce, "Ɗan nan, idan na manta ban rufe shi ba kafin magariba, aikin rana duka ya tafi a banza."

Maganarta ita ce zuciyar al'amarin. Samun zafi da tsakar rana ba wuya gare shi ba, ko bido aka bari a fili zai yi ɗumi. Wahalar tana ga riƙe zafin daga faɗuwar rana zuwa kiran sallar farko, wato fiye da awa 10 na dare mai sanyi da iska, domin a lokacin ne ake buƙatar ruwan. Gilashin da ke barin haske ya shiga da rana, ta nan ne zafi ke tserewa da dare, don haka murfin dare ba ado ba ne. Tankin yana buƙatar lulluɓi kamar yadda ake naɗe kwanon tuwo da zane don a tarar da shi da ɗumi, kuma abin lulluɓin dole ya kasance busasshe, domin jiƙaƙƙen ƙaiƙayi ba ya riƙe zafi, ga shi yana kiran gara. Duk kuɗin da mutum zai kashe, ina ba da shawarar ya fi karkata shi wajen wannan lulluɓi a kan ƙara girman farantin.

Akwai wasu ƙa'idoji da yanayinmu ya wajabta. Birnin Zinder, wato Damagaram, yana kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, kuma a hunturu rana tana karkata kudu, saboda haka gilashin ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi, nesa da inuwar katanga ko itace. Hazo yana rage ƙarfin rana daidai lokacin da aka fi buƙatarta, ƙurar da ke kwanciya a kan gilashi kuma tana ƙara ragewa, don haka a riƙa share shi da tsumma kowace safiya. Kada a ɗora tanki a kan rufin soro na azara, domin lita 150 na ruwa kilo 150 ne ban da nauyin ƙarfe. Gara a gina masa ɗan dakali a ƙasa. Wannan yana da wata fa'ida ma, tunda a ƙasar da ruwa ke zuwa a bido bisa amalanke ko a ka, da hannu ake cika tankin, kuma bai kamata a sa mace ta riƙa hawa tsani da lita 25 ba. Mai bututun gilashi kuma ya kiyaye zuba ruwan sanyi a cikin bututun da ya wuni babu ruwa a rana, domin yana iya fashewa. Da sassafe ko bayan faɗuwar rana ake cikawa. Tonon da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji a cikinsa ba na wannan aiki ba ne, kome arharsa.

Ta fuskar lafiya, ruwan da ya tsaya a ɗumi tsakanin digiri 20 da 45 wuri ne da wasu ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, saboda haka wannan ruwa na wanka ne da wanki, a riƙa juye tankin ana wanke shi, na sha kuma a tafasa shi dabam. Famfon ya yi nesa da hannun yara, tunda ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Game da wankan jego, likitoci sun daɗe suna jan kunne cewa zafin da ya wuce kima tare da yawan kunun kanwa yana wahalar da zuciyar mai haihuwa, kuma yana da kyau a saurare su. Ko da gida ya ce ba zai bar tafasawa ba, rana tana da rabonta a aikin: daga digiri 20 zuwa 60 rabin tafiya ne zuwa 100, don haka ruwan da aka ɗebo daga tanki da yamma rabin itacen kawai yake buƙata. Idan kuma aka ƙarasa shi a kan murhun Albarka na laka ko na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, waɗanda ke tsare wuta daga iska, aka kuma rufe tukunyar, abin da ake ƙonawa zai ƙara raguwa sosai.

Abin da ya fi hana wannan sauyi, a iya lurata, shi ne wanda ke riƙe da kuɗin gida ba shi ne ke tashi hura wuta ba. Maigida yana ganin kuɗin gilashi da fenti da walda a dunƙule, amma wahalar itace tana zuwa a warwatse, a kan mata da ƴan mata da ke fita daji. Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, da suka fara a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu har ƙauyukanmu, su ne suka fi dacewa su ɗauki maganar. Ƙungiya ɗaya tana iya sa a ƙera akwati biyu ko uku masu ɗaukuwa a amalanke, a riƙa kai su gidan da aka haihu har a yi arba'in, sannan a wuce da su gida na gaba a kan ɗan kuɗin da zai isa sauya gilashi idan ya fashe. Masu walda da kafintocin Zinder da Mirriya suna da hannun aikin, kayan kuma duk ana samun su a kasuwa. Lokacin da ya fi dacewa a ba da aikin shi ne bayan girbi, a watan Oktoba, sa'ad da akwai ɗan kuɗi a hannu kuma ƙaiƙayi ya bushe, domin a gwada akwatin a gyara abin da ke yoyo kafin sanyin Disamba ya shigo.