Gidan sama na kama wa shafina, ashe ɗaki ɗaya ya ishe shi

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya. Na daɗe ina tura wa ɗalibaina darussa ta WhatsApp, yau a tura, gobe a nema a rasa, wani ya ce wayarsa ta cika ya goge. A 2022 na ce bari in buɗe shafin intanet nawa na kaina, in tara komai wuri guda. A lokacin ban san cewa sunan shafi daban, masaukinsa daban ba. Suna shi ne adireshin da ake bugawa a zo gare ka. Masauki kuwa wata kwamfuta ce da ba a kashe ta, wadda kake hayar fili a cikinta ka ajiye kayanka.

Arha ce ta ruɗe ni. Wani kamfanin ƙasar waje ya sa farashi kamar kyauta, ya haɗa da suna na shekara guda ba ko kwabo. Katina na naira ya ƙi biya, domin a wannan shekarar bankuna da yawa sun toshe ko sun taƙaita sayayyar dala da shi. Sai ƙanena da ke da asusun dala ya biya mini, ya yi rajistar komai da imel ɗinsa. Muka ɗora WordPress, wata manhajar gina shafin intanet, na yi ta zaɓen ado kamar mai jeren ɗakin amarya.

Da shekara ta zagayo, takardar sabuntawa ta zo da kusan ninki uku. Ashe farashin farko na janyo ciniki ne, na gaskiyar yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, ni ne ban karanta ba. Ga kuma naira da aka saki a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Albashin malami bai san an yi ba.

Na ce to, in tashi. Nan na ga ta kaina. Kafin a ɗauke suna zuwa wani kamfani sai an karɓi wata lambar sirri daga inda yake, kuma imel ɗin mai rajista ake aika wa. Mai rajista kuwa ƙanena ne, ya tafi hidimar ƙasa wani ƙauye da sai an hau tudu ake samun sabis. Kafin mu daidaita wa'adi ya cika, shafi ya rufe. Darussa goma sha wani abu da na rubuta kai tsaye a ciki, ban ajiye kwafinsu a ko'ina ba, suka tafi. Wannan kam ba laifin kowa ba ne, nawa ne.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta ne ya duba abin da ya rage ya yi dariya. "Malam, rubutu ne fa kawai da 'yan hotuna. Babu mai saye, babu mai shiga da kalmar sirri. Me za ka yi da rumbun bayanai?" Ya bayyana mini cewa WordPress sai ya ɗebo rubutun daga rumbun bayanai ya haɗa shafi sabo duk sanda aka buɗe, shi ya sa yake neman masauki mai ƙarfi. Nawa kuwa za a iya gina shi sau ɗaya a ajiye. Ya mayar da shi wani masauki mai suna GitHub Pages, inda ake ajiye irin wannan kyauta matuƙar bai wuce gigabait 1 ba. Har alamar kwaɗon nan ta tsaro ta kusa da adireshin shafi, wadda tsohon kamfanin ke neman kuɗi a kanta, can wata cibiya mai suna Let's Encrypt ke bayarwa ba a biya.

Sabon suna na saya mai ƙarewa da .com.ng, daga ɗaya cikin dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, ta amince da su, na biya da naira, da imel ɗina, da sunana. Ba zan ɓoye ba, sa sabon darasi yanzu ya fi wuya, na yi makonni ina kiran yaron nan kafin hannuna ya faɗa. Amma shafin yana buɗewa nan take ko a wayar da datarta ta kusa ƙarewa, kuma kowace Juma'a bayan na dawo daga masallaci ina kwafe komai a filashi in jefa cikin aljihun tebur.