Daga Bauchi zuwa Gombe da gardamar ECOWAS a cikin mota

Ranar Asabar na tashi daga Bauchi zan je Gombe sunan ɗiyar ƙanwata, bayan asuba na sayi masa ta ɗari biyar aka zuba min ƙuli a leda na shiga Sharon, mu bakwai har direba. Kusa da ni wani dattijo ne da rawani da butar shayi a ƙulle cikin buhu, daga jin Hausarsa ka san mutumin Damagaram ne, ya ce min shekararsa kusan ashirin yana shayi a Gombe, gida ya je ya dawo ta Kano ya kwana a Bauchi.

Ba mu kai gadar Dindima ba gardama ta tashi, rediyon direba ce ta jawo, ana maganar ƙasashen AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel uku da suka fice daga ƙungiyar ECOWAS ta Yammacin Afirka. Wani Alhaji a gidan gaba, ɗan kasuwar hatsi ne da zai sauka Tudun Hatsi, ya ce shi dai a ganinsa Nijar da Mali da Burkina Faso sun yi garaje, ƙungiyar da aka kafa a Legas tun 1975 zamanin Gowon da Eyadema ace rana ɗaya ka tattara tabarmarka ka fice, ƙasa 15 ta koma 12, kuma dukkansu ukun ba mai teku, kayansu sai sun bi ta Kwatano ko Lome ko Abijan, toh ka yi faɗa da mai ƙofar gida ta ina za ka shigo da buhunka?

Wani saurayi a baya mai karatu a jami'a ya ce Alhaji ai ba su suka fara ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka kifar da Bazoum waye ya rufe boda, waye ya yanke musu wuta, waye ya ba su wa'adin kwana bakwai ko a kai musu yaƙi? Ya ce sai da sanatocinmu na Arewa suka ƙi, malamai suka tashi takanas har Yamai wurin Janar Tchiani sannan ƙura ta lafa. Ya kawo Birtaniya ma, ya ce a 2016 sun yi ƙuri'a kashi 52 suka ce a fita daga Tarayyar Turai, a 2020 suka fita kuma ba su mutu ba. Alhaji ya juyo ya ce yaro ai ka faɗa da bakinka, su ƙuri'a suka yi, talakan Maraɗi wa ya tambaye shi?

Wannan maganar ta tsaya min a rai har Alkaleri inda muka tsaya direba ya sha mai. Ni dai gaskiya zuciyata tana tare da saurayin kan maganar wuta, domin kakata ta wurin uwa 'yar Damagaram ce kuma a lokacin takunkumin nan na san yadda 'yan'uwa suke bugo waya, magani ya yi wuya, shinkafa ta tashi, zafi ga duhu, wallahi duk wanda aka yi wa haka dole ransa ya ɓaci ko da an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, lokacin ma sun riga sun sanar da fita tun 28 ga Janairu. Amma fushi daban ciniki daban, ragunan layya da wake da albasa daga can suke gangarowa, masararmu da kayan masarufi daga nan suke hawa, kuma har yau sefa suke kashewa wadda ita ce babban abin da ake ƙorafi a kanta game da Faransa, kaga ashe fitar ma ba ta gama fita ba.

Duk wannan surutun Baba mai shayi bai ce uffan ba sai da muka wuce Bara. Na ce Baba ku da abin ya shafa kun yi shiru. Sai ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da wata leda an naɗe ta kamar sau huɗu, ya warware a hankali, katin shaidarsa ne duk gefensa ya cinye da wata takarda da ta yi laushi don ninki. Ya ce ɗana ni ban san CEDEAO (sunan ECOWAS da Faransanci) ba sai a wannan, da shi nake wucewa tun ina da baƙin gemu, an ce mana tun 29 ga Janairun 2025 mun fita amma a ci gaba da shiga da fita kamar da har sai an sake magana, toh ranar da aka sake maganar fa? Matata 'yar Kumo ce, 'ya'yana shida duk a Gombe aka yanke musu cibiya. Ya ce shi yana son ƙasarsa ta tsaya da ƙafarta, ya yi murna da sojan Faransa suka tafi, amma duk shingen da aka tsayar da mota yanzu gabansa sai ya faɗi.

Motar ta yi tsit na ɗan lokaci. Direba ne ya ce ai mu ma Gombe a cikin Bauchi take kafin Abacha ya raba a 1996, an raba ma'aikata da kadarori an yi ta ƙananan maganganu, amma ga shi kullum sau biyu yake hanyar nan ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Alhaji ya ce to ai wannan rabon gado ne a cikin gida ɗaya, saurayin ya ce Hausa ma gida ɗaya ce Turawa suka ja layi a tsakiya, suka sake ɗauka daga farko har muka hango filin jirgi na Lawanti.

A Tumfure Baba ya sauka, na miƙa masa buhun butarsa ta taga, ya ce in na gama suna in zo in sha shayi kyauta. Na ga ya sake taɓa aljihun nan kafin ya tsallaka titi.