Wasiƙa daga Hamburg: Haske da maganaɗisu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Kun sha tambayata abin da nake yi a ɗakin gwaji har dare ya raba. Ɗakin ba taga. Mukan saka tabarau masu duhu, mu tsaya gaban wani faffaɗan tebur mai jerin ƙananan madubai, muna bi da hasken lesa daga wannan madubi zuwa wancan har ya faɗa kan ƙwayar dutse da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Dutsen nan shi ne ya ɗauke mini hankali. Bisa lissafi ya kamata lantarki ya ratsa shi, amma ba ya ratsawa, domin ilektron ɗin cikinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, suna ture juna har kowanne ya maƙale a gurbinsa, kamar motoci a cunkoson ranar kasuwa. Nevill Mott, wanda ya samu kyautar Nobel a 1977, shi ya bayyana dalilin haka. To, kowane ilektron da ya maƙale ɗan maganaɗisu ne, kuma maƙwabtansa ne ke sa shi fuskantar gabas ko yamma. Idan ka girgiza dutsen da suke zaune a ciki da haske, sai zaman nasu ya sauya.

Tun 1996 masana kimiyya Beaurepaire da Bigot suka nuna a Strasbourg ta Faransa cewa walƙiyar lesa na raunana maganaɗisun ƙarfen nikel cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. Sai dai ƙarfe yana shan zafi ne kafin ya sauya. A nan Hamburg kuwa, a 2023, masu bincike na cibiyar Max Planck ƙarƙashin Andrea Cavalleri suka girgiza ƙwayoyin wani dutse mai irin wannan hali, mai suna YTiO3, da haske. Dutsen da ba ya zama maganaɗisu sai an sanyaya shi zuwa kelbin 27 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi), sai ga shi ya zama maganaɗisu na ɗan lokaci a sama da kelbin 80.

Har yanzu sanyi ne mai tsanani, kusan digiri 193 ƙasa da sifili, don haka kada wani ya ce gobe za a sa shi a waya. Amma duk sanda na tuna yadda wayar Inna ke zafi a hannunta, da kuɗin cajin da take biya idan an ɗauke wuta, sai in ji zaman ɗakin duhun nan bai isa ya gundure ni ba. Burinmu a rubuta bayanai cikin kwamfuta da sauri ba tare da wuta ta tafi a zafi ba.

A gaida kowa da kowa. A sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan'uwanku a Jamus