Ƙanina ya ciyo mana lambar yabo

Alhamdulillahi, gajeren fim ɗin da ƙanina ya yi kan maginan Zariya ya ciyo lambar yabo. Tun yana karatun aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) yake yawo da kyamarar aro, mu kuwa sai dariya. Ba 'yan wasa, ba waƙa, tsofaffi ne kawai suna kwaɓa ƙasa, suna jera tubali, suna ɗora azara. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda wani dattijo ya ɗaga kai yana nuna bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufin tsohon Masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Baba da ke cewa fim shiririta ne, tun safe yake tura wa abokansa a WhatsApp.