Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Baƙin Almuru

Makon jiya na tsaya a inda fatar idona na hagu ta fara sauka, har abu ɗaya nake ganinsa biyu. Abin da na ɓoye muku shi ne, tun kafin idon ina da baƙi.

Da almuru suke zuwa. Ɗaki na fara duhu sai in gan su suna shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, 'yan mutane da ba su wuce tsawon tafin hannu ba, cikin tufafi ja da kore masu sheƙi, a jere, ba mai cewa uffan. Wata rana kyanwa ce mai ruwan toka ta kwanta a bakin gado. Na miƙa hannu in shafa ta, sai na ji na dafa zanin gado. Wallahi ban taɓa jin tsoronsu ba. Tsorona ɗaya, kada a ce na taɓu. Shi ya sa na yi gum har wata huɗu.

Yaya ce ta tona ni. Ta gan ni ina ɗage ƙafa.

"Ke, wa kike ba hanya?"

"Ba kowa, Yaya."

Ta tsare ni da ido har na fashe da kuka.

Likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa bai ko ɗaga gira ba da na gama ba shi labari. Tambaya ɗaya ya fi nanatawa: "Malama, idan kin gan su, kin san ba su nan?" Na ce na sani sarai. Ya tura ni hoton MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa.

A allon kwamfuta ya nuna mini wani ɗan curi da bai kai kan ɗan yatsa ba, da baƙin zobe kewaye da shi. Ya ce sunansa cavernoma, tarin ƙananan jijiyoyin jini ne masu siririn bango, jini yana tsattsafowa daga cikinsu kaɗan-kaɗan. Baƙin zoben kuwa sinadarin ƙarfe ne da tsohon jini ya bari. Nawa ya zauna ne a saman tushen ƙwaƙwalwa, inda jijiyar da ke ɗaga fatar ido ta taso, kusa da sashen da ke tsara barci da farkawa. Ya ce masana na ganin kamar mafarki ne ke kutsowa alhali mutum na ido biyu.

Har ya ƙara da cewa wani likitan Faransa, Jean Lhermitte, ya rubuta irin wannan tun 1922, game da wata tsohuwa mai ganin dabbobi da yamma. Ni dai tausayinta na ji, don a zamaninta babu na'urar da za ta nuna mata curin.

Yaya ta gyara zama ta ce, "To likita, a cire mana."

Ya ajiye alƙalami. Ya ce wurin ba ya son wuƙa, kuma barinsa ma da nasa haɗarin, don yana iya sake zubar da jini. Ya ba ni mako biyu in yi shawara. A daren nan baƙin suka zo, suka iske ni zaune ban kunna fitila ba.

Mu haɗu mako mai zuwa.