Ƙyauren da na kankare a watan Agusta

A shekarata ta biyu a shagon kafinta ne maigidana ya fara aikena gyara ni kaɗai. Wata Hajiya ce a Fadaman Mada ta aiko yaro, wai ƙyauren ɗakin 'yarta ya ƙi rufuwa, sai an sa kafaɗa an banka, in kuwa ya rufu to buɗe shi wani aikin ne. Tsakiyar Agusta ce, ruwa ya yi kwanaki yana sauka a Bauchi, ko wanki ba ya bushewa a igiya. Na ɗauki jakar kayan aiki na hau acaɓa. Da na isa aka yi min iso, yaro ya shige gaba yana faɗa wa mata su kimtsa ga mai gyara, na gaida Hajiya, ta ce, "Ɗana, ga shi nan, tun da damina ta kankama yake ba mu wahala."

Na tura ƙyauren, na ga gefen da makulli yake yana cije firem tun daga sama har wajen tsakiya. Ban tsaya duba komai ba. Na kwance shi, na fitar da shi tsakar gida, na kafa shi a gefe na yi ta kankara har sai da ɓawon katako ya taru a ƙafata. Na mayar, ya rufu sumul ba ko ƙara. Hajiya ta yi ta sa albarka, ta ƙara min kuɗin acaɓa a kan ladan aiki. Gefen da na kankare kuwa haka na bar shi fari fat, ban shafa masa komai ba.

A watan Janairu, sanyi ya yi ƙarfi, hazo ya rufe gari, sai ga yaron nan ya dawo shago. Wannan karon maigida ya ce mu tafi tare. Abin da na gani har yau yana raina: tsakanin ƙyauren da firem akwai tazarar da ɗan yatsana ƙarami ke shiga, harshen makulli ba ya kai wa raminsa, an sa dutse an tokare ƙofar daga ciki, iskar hunturu na busowa ta tsagar. Budurwa ce a ɗakin, ƙyaurenta ba ya kulluwa. Maigida bai yi min faɗa a gaban mutane ba. Ya ɗaga ƙyauren ta wajen mariƙi, ya ɗan girgiza shi sama da ƙasa, sai ga hinjin sama, wato ƙarfen da ke riƙe ƙyaure a jikin firem, yana motsi, sukurorinsa biyu suna juyawa a banza. Ya dube ni ya ce, "Ka ga ciwon nan? Tun ranar yana nan. Abin da ka yanke kuma ba ya tsirowa."

Katako ko an sare shi an yanka an busar, bai daina shan iska ba. Da damina yana tsotsar danshi ya kumbura, da hunturu iska ta bushe ya saki ruwan ya tsuke. Kuma ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kusan ba ya motsawa, shi ya sa ƙyaure ke cije firem ta gefe. A Bauchi bambancin nan babba ne, domin iskar Agusta da ta Janairu kamar ba ta gari ɗaya ba. Ƙyauren Hajiya abu biyu suka haɗu masa: ya ɗan kumbura saboda ruwa, sannan hinjin sama ya saki, sai nauyi ya ja shi ya sunkuya wajen makulli. Da na ɗaure hinjin, na goga kyandir a inda yake gogar firem, da ya wuce damina lafiya ya koma mazauninsa da kansa.

A nan na koyi gyaran ramin sukuru da ya lalace, wanda kowa zai iya yi a gidansa. Maigida ya sa aka kawo ashana, ya karye kawunan, ya tsoma tsinkayen a farin gam na katako, ya cusa su cikin ramin har ya cika, ya karye abin da ya yi saura a waje. Muka jira gam ya kama, sannan ya mayar da sukurori, ɗaya ma ya canja shi da wanda ya fi tsayi don ya kama lafiyayyen katako a ciki. Gefen da na ɓata kuwa sai da muka yanko siririn katako muka liƙa masa, muka goge da samfefa, muka shafa banish, wato man da ke rufe katako ya sa shi sheƙi. Ya yi aiki, amma wanda ya san katako yana kallo zai ga ɗinkin. Maigida bai karɓi ko sisi ba a wannan zuwan, ni ma na san dalili.

Tun daga nan, in an kira ni a kan ƙyauren da ke cijewa, jakata tana rufe nake fara aiki. Ina buɗe shi rabi, in ɗaga ta wajen mariƙi in ji ko akwai wasa a hinji. Ina shafa alli a bakin ƙyauren in rufe in buɗe, inda allin ya fito a jikin firem nan ne wurin cizon. Ƙyauren da aka rataya daidai yana da tazara kamar milimita 3 a gefe da sama, ƙasa kuma ya fi haka don kada ya goge tayil ko kafet. Idan tazarar ta yi faɗi a sama ta wajen hinji, ta matse ta wajen makulli, to hinji ne. Sai duk wannan ya gaza nake ɗauko abin kankara, kaɗan nake cirewa, kuma ba na barin gidan sai na rufe wurin da fenti ko banish. In firem ɗin na ƙarfe ne, irin wanda ake haɗa hinjin da walda, nakan gaya wa mai gida gaskiya cewa aikin mai walda ne.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai cikin shekarun nan a ƙasan ƙyaure na gan shi. Mu a shago mukan bambanta ƙofa da ƙyaure: ƙofa ita ce mashigar, kamar yadda muke cewa Ƙofar Ran ko Ƙofar Wambai, ƙyaure kuma shi ne abin da ke rufe ta. To maigida yakan ce ƙyaure fuska 6 gare shi, gaba da baya, gefe biyu, sama da ƙasa. Mai fenti yakan zo bayan an riga an rataya, ya shafa inda ido ke gani ya tafi. Sama da ƙasa su zauna tsirara. Akwai wani guntun madubi a jakar maigida, na ɗauka na duba fuska ne, har ranar da na ga ya durƙusa ya zura shi ƙarƙashin wani ƙyaure ya haska da tocilan waya. Ɗanyen katako ne fari, ya fara yin baƙi-baƙi. Ta nan ruwa ke shiga.

Yawancin ƙyauren cikin gida da ake sa wa a gidajen yanzu, masu ƙafa 3 a faɗi da ƙafa 7 a tsayi, na banɗaki kuma ƙafa 2 da rabi, ba katako ba ne gaba ɗaya. Ƙashi ne na katako aka rufe da filawud gaba da baya, cikinsa kusan fanko. Wasu kuma da garin katako da gam aka matse su aka liƙa musu leda mai zanen itace. Irin na ƙarshen nan in ya sha ruwa yakan kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ko ya bushe ba ya komawa. Filawud shi kuma sai ya fara ɓarewa falle-falle daga ƙasa. Na maɗaci ko na iroko suna da haƙuri, sukan jure shekaru, amma su ma ruwa na cin su a hankali. Har na ƙarfen da ake kawowa daga Turkiyya da Caina, in ka duba inda suka fara tsatsa, daga ƙasa ne.

Ruwan kuwa ba daga sama yake zuwa ba. Na mofa ne, da na wankin tsakar ɗaki da ake kwarawa a bi da tsintsiya, da fantsamar buta a banɗaki, da jiƙaƙƙen tawul da ake ratayawa a saman ƙyaure ya kwana. Abin da ke ba ni tausayi shi ne gidajen da suka fi tsafta su ne ƙyaurensu ke fara mutuwa. Na shiga gidan wata amarya a Gwallameji, ba ta rufa shekara biyu ba, ɗaki fes, ƙamshin turaren wuta ko'ina, amma ƙyauren banɗakinta ya ruɓe kamar faɗin tafin hannu daga ƙasa. Mijin yana ta faɗa wai an sayar masa da jabu. Ita kuma kanta a sunkuye, kamar laifinta ne. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ƙasan ƙyauren ba a rufe yake ba, kuma mu masu sana'ar ne ya kamata mu faɗa, ko mu rufe tun ranar da muka rataya. Na ce masa, "Alhaji, kayan ba su da laifi, Hajiya ma ba ta da laifi. Da an shafa fenti a ƙasan nan ranar farko da ba a zo nan ba." Yanzu ba na rataya sabon ƙyaure sai na kwantar da shi na shafa wa sama da ƙasa sau biyu, ko mai aiki yana gaggawar tarewa.

Goge ƙyaure kuwa daga wata dattijuwa na ƙara koyonsa, wadda ta yi shekaru tana aikin shara da goge-goge a gidajen ma'aikata. Na tarar da ita tana goge ƙyauren falo ana saura kwana biyu Sallah, na tsaya ina kallo. Busasshen tsumma mai laushi ta fara sa wa, ta hau kujera ta share saman ƙyauren inda ƙura ke kwanciya kamar gari, ta bi ta sauko, ta sa tsohon buroshin haƙori ta sosa lungunan ado. Na tambaye ta me ya sa ba ta jiƙa tsumman tun farko. Ta ce, "Yaro, ƙurar hunturu yashi ce. In ka sa mata ruwa ta zama taɓo, kana gogewa kana karce fentin." Sai bayan nan ta ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan a roba, ta tsoma tsumma ta matse shi har ba ya ɗiga, ta bi zanen katakon daga sama zuwa ƙasa, ta daɗe a kewayen mariƙi inda hannu ke barin maiƙo, da can ƙasa inda yara ke shafa hannun tuwo. Nan take ta bi da wani busasshen. Ƙyauren bai yi minti ɗaya a jiƙe ba.

Abubuwan da na ga sun fi ɓata ƙyaure da sunan tsafta su ne sosan ƙarfe na wanke tukunya, da ruwan bilic, da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi. Soso yana kashe sheƙi, bilic yana koɗar da launi ya ci ƙarfen mariƙi, tina kuwa narkar da banish take yi, wurin ya yi dabbare-dabbare. Wasu kan goga kananzir don ya yi ƙyalli, ya yi ɗin na yini guda, kashegari ƙura ta manne. Ƙyauren kicin da na ɗakin da ake yawan turare sukan yi wani danƙo, shi ma ruwan ɗumi da sabulu sun ishe shi, a yi sau biyu ko uku. Duk abin da mutum bai saba da shi ba, ya fara gwadawa a gefen hinji inda ba a gani.

Hinji in yana kuka, ɗigo biyu na man keken ɗinki ya wadatar, a buɗe a rufe sau da yawa, a goge abin da ya zubo. Man gyaɗa da ake ɗebowa daga kicin yana kashe kukan na ɗan lokaci, daga baya ya daskare ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo. Ramin makulli kuma ba na zuba masa mai ko kaɗan a garin da ake hazo. Bakin fensir nake gogawa a jikin ɗan makullin, in sa in zare sau uku ko huɗu, sai ka ji ya saki.

Sai gara. Ƙafar firem ɗin katako da aka binne a daɓe ita ce hanyarta, daga ƙasa take hawowa tana ci daga ciki, fenti yana nan lafiya a waje. In na ga siririn layin ƙasa ya bi jikin firem, ko na ƙwanƙwasa da bayan sukudireba na ji sautin fanko, na san ta riga ta shiga. Mutane da yawa baƙin man mota suke shafawa. Ni ba na son sa a cikin ɗakin kwana, ga wari ga ɓata tufafi, yara kuma na taɓawa su kai baki. Akwai maganin katako da ake sayarwa don wannan aiki, irin su Solignum, kuma tun kafin a kafa firem ya kamata a jiƙa ƙafafunsa da shi. Idan na je sayen katako a kasuwar Muda Lawal nakan haɗo da shi a lissafi tun farko, in nuna wa mai aiki kuɗinsa daban don ya san me ya saya.

Yanzu ni ma ina da yara biyu a shago. Makon jiya na tafi da ƙaramin wani gida a Yelwa, aka nuna mana ƙyauren ɗakin yara yana jan ƙasa, har ya zana rabin da'ira a kan tayil. Na ga hannunsa ya nufi jaka. Na ce ya dakata, ya ɗaga ƙyauren ta wajen mariƙi ya gaya min abin da ya ji. Ya ɗaga, ya saki, ya sake ɗagawa, ya ce, "Oga, na sama yana motsi." Uwar gidan ta ce ai yaran lilo suke yi da mariƙin. Na aike shi ya karɓo ashana a kicin, ni kuma na ciro guntun madubina na durƙusa.