Rawanin Dogari da Awon Histon a Damagaram

Bikin 'yar ƙanina ne ya kai mu Damagaram, ni da ɗan ƙanwata da ya zo hutu daga Faransa. Da asuba muka bar Kano, muka bi ta Kazaure da Daura, muka tsallaka iyaka a Kongolam. Kafin Matamai na gaji da kallon gonakin gero, sai na tsokane shi: shekara huɗu ke nan uwarsa na cewa yana bincike, har yau ba a faɗa mini abin da ya ɓata ba.

"Kawu, bari mu isa," in ji shi.

Washegari a Birni, ƙofar fadar Sarkin Damagaram, muka tarar da wani dogari yana gyara naɗinsa. Nan yaron ya riƙe mini hannu. Ya ce kusan kowace ƙwayar halitta ta jikina tana da zaren DNA, mai ɗauke da saƙon gado, mai tsawon kusan mita 2, kuma ba zai shiga cikin ƙwayar ba sai an naɗe shi. Kan da ake naɗa wa rawanin shi ne histon, furotin takwas a dunƙule, zaren na zagaya su kusan sau biyu. Inda naɗi ya tsuke ba a karanta saƙon gado, inda ya saki a karanta. Masu tsukewa da sassautawa wasu 'yan alamomi ne da ke manne wa histon, irin su asetil da metil, waɗanda Vincent Allfrey ya bayyana a 1964. Rubutun na nan yadda yake, shafin da ake buɗewa ne ke sauyawa. Wai epijenetik ke nan.

Ni mai hatsi ne, don haka sai a kasuwar Dole maganar ta shige ni, muna tsaye gaban mai awon gero da tiya. Na ce to ya ake ganin alamar? Ya ce ba a gani, aunawa ake yi. A daddatsa histon da sinadarin tirifsin, a ɗora wa gutsattsarin cajin lantarki, a tura su na'urar awon nauyin ƙwayoyi. Da dalton ake awon wannan nauyi: metil ɗaya na ƙara dalton 14, asetil 42. Sai dai metil uku ma 42 ne: su 42.047, asetil 42.011. A gurbi na 27 na wani nau'in histon da ake kira H3 kuwa, asetil buɗewa yake yi, metil uku rufewa. Na'urar da ta kasa raba wannan ɗan ƙiris za ta ce maka ƙofa a buɗe take alhali an sa sakata.

Shekara talatin ina faɗa da mutane kan tozon mudu, sai na ji kunya ta kama ni.

Da yamma a gidan biki a Zango, labari ya riga mu isa cewa an zo da likita daga Turai. Wata gwaggonsa ta miƙe ƙafa kan tabarma, ta ce ya duba mata gwiwa.